Murhun Sau-Ying Ba Shi da Dutse a Baya

Sau-Ying ba ta taɓa zama ba. Na san za a ce Tak, wato ni, ya fara, to a ce. Uwarta da ubana ciki ɗaya suka fito, ni taubashinta ne, shekara sittin da 'yan kai ina kallonta, kuma ban taɓa ganin ta haɗu da kujera har shayi ya huce ba. Goggo, uwarta, ta ce ranar da aka haife ta ungozoma ta juya ɗauko tawul, kafin ta waiwayo jaririya ta kai bakin ƙofa. Ranar aurenta ma a tsaye ta ci abinci, tana gyara wa baƙi kwanuka.

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana tura kurar dim sam, 'yan ƙananan dafe-dafen da ake ci da shayi, a wani gidan shayi da ke titin Pei Ho, nan unguwarmu Sham Shui Po. Kwanduna na turiri, ita tana kiran sunan abin da ke ciki, tana ratsa tebura kamar an biyo ta. Na taɓa auna tafiyar da ta yi a ɗakin nan. Ta isa ta je duniyar wata ta dawo, ta sake komawa ɗauko abin da ta manta.

Mijinta Kwong kuwa kamar an yi shi ne don a rama mata. Ƙato, mai faɗin ƙirji, aikinsa jefa igiya da ɗaure jirgin fito a gaɓa. Maganarsa uku ce a rana: na tafi, na dawo, gishiri ya ji. In ya tashi aiki sai ya biyo ta gidan shayin, ya tsaya a waje jikin gilashin gaba, hannu a baya, har ta gama su taho gida tare. Ba ya shiga. Wai ƙanshin ciki yana sa shi yunwa.

Haka suka yi ta yi har suka tsufa, ita tana zagaye shi, shi yana tsaye. Sai gigin tsufa ya zo wa Kwong. Ya fara da sa takalmi a firji. Daga nan ya koma kirana da sunan ubana. Sannan ya ɓullo da fita: da ƙarfe biyar na yamma ta yi sai ya miƙe, ya sa hularsa, ya buɗe ƙofa. Kowa ya ce tsohon aikinsa yake tunawa, gaɓa zai tafi. Ƙarfe biyar kuwa lokacin girkin Sau-Ying ne, tana can cikin kicin, akurkin da in ka shiga sai ka fito kafin ka canja ra'ayi, ta ba ƙofa baya, injin zuƙe hayaƙi yana ruri a kanta.

Karon farko mai gadi ya tare shi a ƙasa. Karo na biyu 'yan sanda ne suka kawo shi daga bakin kasuwa, gwiwa a ƙuje. Ranar ɗansu Ka-Shun ya zo da ɗamarar wuyansa ta ofis, ko zama bai yi ba, ya gado uwarsa.

"Mama, sau biyu ke nan," ya ce. "In ya sake fita na uku, gidan tsofaffi zan kai shi. Na riga na ga wuri a Tuen Mun."

"Tuen Mun? Me ya sa ba ka nemo a bayan duniya ba?"

"Ba wasa nake ba, Mama. Mota za ta buge shi wata rana."

Ba mugun yaro ba ne, in faɗi gaskiya. Shi ya kawo ma'aikata suka rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo. Ba a barin wutar gas a buɗe, sai da katanga, don haka aka tsayar da gilashi daga kanta har sama, aka jawo murhu ya jingina da shi. Yanzu tana juya miya tana kallon falo, tana kallon ƙofa, tana kallon Kwong a kujerarsa. Wata huɗu cur, tsohon bai ko taɓa hularsa ba.

To sai a ce ta samu kwanciyar hankali ko? Ba ku san ta ba.

Murhu ai ba a ajiye shi haka kawai. Ko ni da na tsere daga makaranta ta taga na san wannan. Murhu shi ne cikin gida, daga nan lafiya da arziki suke dahuwa, kuma dole ya samu dutse a bayansa, wato bango mai ƙarfi da zai jingina. Murhun Sau-Ying kuwa bayansa fayau, kana hango labule ta cikinsa. Jar takardar Kakan Murhu, wanda ke zaune a kowane kicin yana lura da halin mutanen gida don ya kai rahoto sama ƙarshen shekara, ita ma ta rasa bangon da za a liƙa ta. Da salatif aka manne dattijon a gefen gilashi, yana reto duk lokacin da aka kunna injin hayaƙi.

Sai abubuwa suka fara. Tukunyar ƙasa da ta gada wajen Goggo ta tsage. Miyar awa uku ta ƙone, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka ƙirƙiro miya. Haƙorinta ya kumbura. Ta yi faɗa da mai kifi, ta yi faɗa da mai alayyahu, ta yi faɗa da wata mata a lif kan ba ta gaishe ta ba, alhali matar waya take yi.

"Ke dai ki ce tsufa ya zo," na ce mata. Na je shan miya ne, kamar kowace Laraba. "Tukunyar nan ta girmi gwamnati."

"Rufe mini baki, Dogon Baki. Zo nan. Tsaya inda nake tsayawa."

Na shiga na tsaya. Magariba ta kawo kai, falo ya fara duhu. Ta kunna murhu. Sai ga wuta biyu: ɗaya a ƙarƙashin tukunya, ɗaya a cikin gilashi, shuɗiya, tana rawa. Ta biyun kuwa daidai ƙirjin Kwong ta sauka, inda yake zaune yana kallonmu.

"Ka gani?" ta ce a hankali. "Kullum. Kullum ina kunna masa wuta a ƙirji da hannuna. Ɗan abin da ya rage masa a kai, ni nake ƙona shi."



Washegari ta ɗauko Sifu Poon, masanin fung shui, wanda ke duba yadda iska da ruwa da wuta suke zama a gida. Ɗan siriri ne, in ya juya gefe sai ka neme shi. Ya zo da faifan kamfas ɗinsa mai zobba kamar ɗari tara, ya tsaya a ƙofa ya auna, ya tsaya a taga ya auna, ya shiga kicin ya ja tsaki mai tsawon titi.

"Wa ya yi wannan aikin?"

"Ɗana."

"Ɗan boko ne?"

"Injiniya."

"Na gani." Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce. "Uwar gida, murhunki ba shi da majingini. Abin da kika dafa, albarkarsa ta bayan nan take zurarewa. Ga shi gilashi yana haifar wuta, ɗaya ta zama biyu. Gidan da wuta ta ninka, zuciya ba ta kwanciya. Kina barci?"

"Ba ta taɓa yi ba, Sifu," na ce. "A tsaye take lumshe ido, kamar doki."

Bai ko kalle ni ba. Ya ce a matsar da murhu. Ta ce bututun gas a nan ya tsaya, ɗaya bangon kuma na famfo ne. Ya ce a'a, wuta ba ta fuskantar ruwa, wannan ya fi muni. To abin da ya rage a toshe gilashin, daga ƙasa har sama, da takarda mai kauri ruwan ƙasa. Kuma a yi kafin ashirin da huɗu ga watan ƙarshe, ranar da ake sallamar Kakan Murhu, kada ya tafi sama ya ce an ajiye shi a kan iska.

"To yaya zan ga Baban Shun?" ta ce.

"Ki rataya ƙararrawa a ƙofa."

"Sifu," na ce, "injin hayaƙin nan in ya tashi, jirgin sama ma sai ya nemi izini kafin a ji shi."

"Wannan ɗan'uwanki ne?"

"Ba da son raina ba."

Ta toshe. Ranar nan ta sayo takarda, ta hau kujera, karo na farko da kujera ta yi mata amfani, ta liƙe gilashin tas. Ta ɗaure ƙararrawar tagulla a hannun ƙofa da ƙulli uku. Ba ta gaya wa Ka-Shun ba.

Kwana ukun da suka biyo baya, ban taɓa ganin mutum ya rabu biyu haka ba. Ta juya miya sau ɗaya, ta fito ta leƙa. Ta yanka albasa rabi, ta fito ta leƙa. Ta koma ta tarar mai ya yi hayaƙi, ta kashe, ta fito, ta koma, ta kunna. Silifas ɗinta suka ci rami a tayil, na sa yatsa na ji. Kwong kuma ya daina zama lafiya. Ya miƙe, ya zauna. Ya kalli takardar nan, ya kalli agogo, ya shafa gwiwa.

"Cire abin nan, Ying," na ce mata. "Kin rame kamar sandar cin abinci."

"Sai an sallami Kaka. Kwana ɗaya ya rage. Kai dai ka kawo mini rake gobe, mai ganye a kai, kada ka kawo mini wanda ka ɗanɗana."

Raken tsani ne, da shi dattijon ke hawa sama. Ranar ashirin da huɗu na zo da guda biyu a kafaɗa, dogaye har sai da na yi faɗa da lif. Biyar da minti ashirin. Na tarar da ƙofa a sakaye, ba a rufe ba. Ƙararrawa tana kan tebur a zaune, an kwance ƙullin nan uku, an naɗe igiyar da kyau an ajiye kusa da ita, yadda ake naɗe igiya a jirgi. Mutumin da ya manta sunan jikarsa, hannunsa bai manta ƙulli ba. Hular ba ta jikin ƙusa.

A kicin injin yana ruri, tana soya wainar sabuwar shekara. Na buɗe ƙofar kicin ɗin na ce, "Ying."

Fuskata kawai ta kalla. Ta kashe wuta ta wuce ni.

Mai gadi ya ce ya je banɗaki, bai ga kowa ba. Muka tari tasi zuwa gaɓa. A cikin motar ba ta jingina ba, ta riƙe kujerar direba kamar ita ke tura ta, atamfar girki a ƙugu, gari a goshi.

"In kira Ka-Shun?" na ce.

"Ka kira shi, in jefa ka a teku da wayar."

"Ai taimako zai..."

"Na uku ne, Tak. Na uku."

A gaɓa ta ratsa layin masu jiran jirgi sau huɗu. Ta tambayi mai karɓar tikiti, ta tambayi masu jefa igiya, yaran da ba a haife su ba lokacin da Kwong ya bar aiki. Ta leƙa ruwa. Wannan leƙen shi ya tsorata ni. Na bi ta ina haki, ina kiran sunansa, mutane suna kallon tsoho da rake, don ashe ban ajiye ɗaya ba.

Sai ta tsaya. Ina nufin tsayawa cak, ba motsi, a tsakiyar jama'a. Na tsorata fiye da ɗazu.

Jirgi ne ya iso, aka jefa igiya, wasu ma'aikata suka sauko suna cire safar hannu, wasu suka hau.

"Tak," ta ce, "da ƙarfe nawa yake tafiya aiki?"

"Da asuba mana."

"Da ƙarfe biyar na yamma fa?"

Ƙarfe biyar ba tafiya aiki yake ba. Tashi daga aiki yake.

Gidan shayin titin Pei Ho ya daɗe da mutuwa, shagon kayan waya ne yanzu, fitilu kamar gidan biki. Amma gilashin gaban yana nan. Kwong yana tsaye a jikinsa, hula a kai, hannu a baya, yana duba cikin shagon a nutse, layi bayan layi. Da silifas ɗin ɗaki ya zo.

Ta je ta tsaya kusa da shi. Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa.

"Yau kin daɗe," ya ce.

"Mutane ne suka yi yawa."

"Na duba ban gan ki ba."

"Ga ni. Mu je gida, Baban Shun, miya na jira."

A hanya ta riƙe hannunsa, ni ina baya da rake. Muna shiga lif ta juyo wajena. "Wata huɗu ina cewa ni nake gadinsa ta gilashin nan," ta ce. "Ashe shi yake kallona."

Ta yage takardar kafin ta cire takalmi. Amma kada ku ɗauka ta watsar da maganar dutse, Sau-Ying ce fa. Na ce ina da aboki mai sassaƙa duwatsun kabari, zai ba mu guntu. Ta bi ni da ludayi har bakin lif. Washegari ta samo baƙin dutse wajen masu yin kantar kicin, tsayinsa taƙi ɗaya da rabi, aka tsayar da shi tsakanin murhu da gilashi. Ya rufe harshen wuta, ya rufe gindin tukunya, ya bar fuskarta. Wutar ƙirjin Kwong ta ɓace. Ta kira Sifu Poon ta kwatanta masa.

"Wannan ai ba dutse ba ne," ya ce ta waya, ina ji. "Tudu ne."

"Tudu yana da baya ko ba shi da shi?"

"Yana da shi."

"To an gama."

A jikin tudun ta liƙa Kakan Murhu. Sallamarsa ta makara da kwana ɗaya, amma ta ce ba komai, dangin Kwong mutanen ruwa ne, su dama ashirin da biyar suke yi, shekara arba'in suna wannan gardama, bana ya ci. Ta jera lemo da alewa, ta jingina rake, ta ɗebo maɗi mai danƙo ta shafa wa dattijon a baki don in ya isa sama zaƙi kawai zai faɗa. Sannan ta juyo da cokalin, ta cusa mini ragowar.

"Shi na yarda da shi," ta ce. "Kai ne matsalata."

Jajibirin sabuwar shekara aka taru cin abinci. Ka-Shun ya zo da matarsa da 'yarsu. Kifi, kaza, naman alade gasasshe, tebur har yana nishi. Duk lokacin da na buɗe baki sai Sau-Ying ta ɗora mini yankan wainar nan mai danƙo a kwano. Na ci tara. Haƙorana na roba suka manne da juna kamar an ɗaura musu aure.

Ta tashi duba miya. Ka-Shun ya matso.

"Kawu, mai gadi ya ce ran nan ya ga Mama ta fita a guje da atamfar girki. Baba ya sake fita ne?"

Ni da ban taɓa riƙe magana ta kwana ba. Labarin nan yana cikina kwana shida yana harbi, da rake da tasi da komai, na ma riga na ƙara masa guguwa. Na nuna bakina, na ce, "Mmm."

"Kawu."

"Mmm mmm."

Ƙofar kicin ta buɗe, Sau-Ying ta leƙo. "Ƙyale Kawunka, zai shaƙe," ta ce. "Ya fita. Ni na toshe gilashin, ya fita. Mun same shi a Pei Ho."

Ka-Shun ya ajiye sandunansa. Kunnuwansa suka yi ja. "Kin toshe? Mama, don me aka sa shi? Mun yi magana. Na ce na uku..."

"Na ji abin da ka ce. Yanzu kai ka yi shiru ka kalli ubanka."

Ta koma ciki ta ja ƙofa. Ta tsaya bayan murhu, turiri yana tashi, Kwong yana kallonta yana tauna a hankali. Sai ta durƙusa, ta ɓace bayan kanta.

Na ƙirga. Kafin in kai goma tsohon ya daina tauna. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama. Ya dafa tebur ya miƙe, ya nufi ƙusar da hularsa take. Hannunsa ya kai ke nan ta ɗago, ta ƙwanƙwasa gilashi da ludayi. Ya waiwayo. Ya saki hular, ya dawo ya zauna, ya ɗauki sandunansa.

"Gishiri ya ji," ya ce, ba da kowa ba.

Ta leƙo. "A Tuen Mun ɗin naka, ta wane gilashi zai gan ni?"

Matar Ka-Shun ta taɓa masa hannu. Can ya share hanci da bayan yatsa, kamar yadda yake yi yana yaro.

"Kada ki sake liƙa komai a jikinsa, Mama. Ko kalanda."

"Sai Kaka."

"Sai Kaka. Kuma zan sa makullin da ba na igiya ba." Ya dubi baƙin dutsen. "Wannan kuma mene ne?"

"Dutse," ta ce.

"Tudu," na ce, don lokacin bakina ya ɓalle.

Kwong yana gida har yau. Sau-Ying kuwa duniyarta ta koma taku huɗu, daga firji zuwa famfo, iyakar inda idonsa ke kaiwa daga kujera. In za ta ɗauko tukunya a ƙasa sai ta ɗaga hannu ɗaya sama tana kaɗawa, kada ya ce ta tafi. Ran Laraba na zauna kusa da shi muna kallonta tana kai da komo a bayan gilashi, kamar kifin da ya sha shayi mai kauri.

"Yaya Kwong," na ce, "matar nan taka ba za ta zauna ba?"

Bai ɗauke ido daga kanta ba.

"Ba ta tashi aiki ba tukuna," ya ce.